Ushafa da Fitilar Farar Ƙasa

Yau shirin namu ya yada zango ne a Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwan Usuma da ke shayar da Abuja. Wata kalmar Turanci ce ta kawo mu.

In idon duniya ya koma kan mutum, Bature kan ce ya shiga "limelight". Ɗalibai da yawa na jin farkon kalmar sai su ɗauka lemon tsami ake nufi. A'a, farar ƙasa ce, irin wadda ake shafe bango da ita.

A shekarun 1820, a Ingila, aka gano cewa in an dafa dunƙulen farar ƙasa da harshen wuta mai tsananin zafi, sai ya yi fari fat, ya ba da hasken da ke kashe ido. Wani injiniya, Thomas Drummond, ya ƙera fitila da wannan dabara. A 1837 ta shiga gidan wasan kwaikwayo na Covent Garden a Landan. Mutum guda ake ajiyewa yana kula da wutar, yana juya hasken duk inda babban ɗan wasa ya taka, sauran kuwa suna cikin duhu. Lantarki ya zo ya kori fitilar, kalmar ta zauna.

Mu ma muna da namu. Mukan ce wane yana tashe, ko tauraronsa na haskawa, ko ludayinsa na kan dawo. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai a kalmar Bature shi ne mutumin nan mai riƙe da fitila. Hasken a hannun wani yake, shi ke zaɓen inda zai dosa.

Mutanen Ushafa sun ga haka da idonsu. A watan Agustan 2000, zamanin mulkin Obasanjo, shugaban Amurka Bill Clinton ya zo garin tare da 'yarsa Chelsea. Aka sa masa babbar riga, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa, 'yan jarida suka cika gari, har aka riƙa kiran wurin ƙauyen Clinton. A yini ɗaya sunan Ushafa ya zaga duniya.

To, me ya tarar? Mata magina tukwane, a cibiyar da aka kafa ƙarƙashin shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara. Sana'ar kuwa ta girmi cibiyar nesa ba kusa ba, gadon Gbagyi ce kaka da kakanni. Duba bayan takardar naira 20, za ka ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ƙasar Gbagyi ce ta haife ta. Yana yi mini ciwo a san gari da sunan baƙon yini ɗaya, a manta da hannuwan da suka jawo shi.

Jerin motocin ya koma Abuja, masu kyamara suka bi shi. Matan suka koma kan yumɓunsu, suna kwaɓawa, suna ginawa, suna jiran tukwane su sha iska kafin a kai su wuta.