Kafin a buɗe kwalin fenti: yadda ɗalibin zane ke tsara hotonsa

Kuskuren da ɗaliban zane suka fi yi shi ne gaggawar shafa launi. Fenti da takarda mai kauri ba su da araha a kasuwanninmu, kuma hoton da aka soma ba tsari, ƙarshensa kwandon shara.

Aikin farko da fensir ake yin sa. Ɗalibi ya zana ƙananan hotuna huɗu ko biyar, kowane bai wuce girman akwatin ashana ba, yana sauya wurin abubuwa. A ce an ba shi aikin hoton faɗakarwa kan gidan sauro: uwar da ɗanta ne ido zai fara gani, ko gadon? Wasu malamai na koyar da raba takarda gida tara da layi biyu a tsaye, biyu a kwance, a ajiye abu mafi muhimmanci kusa da mahaɗar layukan. Dabara ce, ba doka ba. Tutar Nijar ma a tsakiya ta sa da'irarta, kuma can ido ke zuwa kai tsaye.

Sai batun haske da duhu, wanda ya fi launi nauyi. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi fim ɗinsa na zane Bon Voyage Sim a 1966 da baƙi da fari kawai, amma ba mai kasa gane shugaban kwaɗin nan. Gwajin yana da sauƙi: a ɗauki hoton zanen da salula, a mayar da shi baƙi da fari. Ja da kore sun sha bamban a ido, amma in duhunsu ɗaya ne sai su haɗe su zama toka-toka. Abin lura ne a nan, inda takardu da yawa ta injin hotokopi suke isa hannun jama'a.

Daga nan ne ake zaɓen launi, kuma uku sun isa: ɗaya ya mamaye fili, ɗaya ya tallafa masa, na ukun a ɗiga shi kaɗan inda ake son ido ya tsaya. Shuɗi da ruwan lemu suna fito da juna. Shi ya sa rigar baba ke ɗaukar ido a jikin katangar jar ƙasa.

Mai aiki da kwamfuta kuwa ya tuna cewa allo da haske yake haɗa launi, maɗaba'a kuma da tawada huɗu. Kore mai ƙyalli yakan dushe a takarda, don haka a buga gwaji ɗaya kafin a biya kuɗin ɗari.