ƊAN KIFIN DA LIKITOCI KE KARATU A JIKINSA

'Yan'uwa manoma, da yawa a cikinmu suna kiwon tarwaɗa ko karfasa, don miya da kasuwa. Amma akwai wani kifi da ake kiwo a ɗakunan bincike na jami'o'i a ƙasashe da yawa, ba don a ci ba, ba kuwa don a sayar a kasuwar kifi ba. Tsawonsa bai wuce inci ɗaya da rabi ba. Ko an tara ɗari ba za su cika ƙwarya ba. Duk da haka ana ba shi abinci a kan lokaci, ana auna ɗumin ruwansa kullum, gama a jikinsa ne masana suke koyon abubuwa da yawa game da cututtukan mutum.

Jikinsa yana da zane-zane shuɗi daga kai zuwa wutsiya, shi ya sa Turawa suka laƙaba masa sunan jakin dawa da harshensu. Masana kuwa suna ce da shi Danio rerio. Asalinsa daga Indiya ne da Bangladash da Nepal, inda yake zama a ƙananan rafuka da kududdufai da gonakin shinkafa.

Me ya sa ake gwaji a kan dabba?

Dukanmu mun san gonar gwaji. In an kawo sabon iri ko sabon taki, mai hankali ba ya zuba shi a gonarsa duka. Sai ya ware ɗan wuri ya gwada tukuna. Haka yake ga magani. Ba a fara ɗura wa mutum abin da ba a sani ba, sai an ga aikinsa a jikin wata halitta. An daɗe ana amfani da ɓera, har yau ma ana yi. Amma ɓera yana da tsadar kiwo, 'ya'yansa ba su da yawa, kuma suna girma ne a cikin uwa, inda ido ba ya kaiwa.

Wani malami a Jami'ar Oregon ta Amurka, George Streisinger, shi ya fara neman mafita a wurin wannan kifi. Dā ma mutum ne mai sha'awar kiwon kifi a gida. Ya yi kusan shekara goma yana fama, abokan aikinsa da yawa suna ganin ɓata lokaci yake yi. A 1981 ya buga sakamakon aikinsa, ya nuna yadda za a samar da kifaye masu gado iri ɗaya sak, kamar yadda manomi ke ware tsabtataccen iri. Ya rasu a 1984, bai ga yadda abin ya bunƙasa ba.

To, ga abin da ya gani a jikin kifin. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗari biyu ko fiye a mako. Ƙwan yana girma a waje, cikin ruwa, kuma garau yake kamar gilashi. In aka sa shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, sai a ga kome. Ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. Kafin kwana ɗaya ya cika an ga kai da ido da wutsiya. Wajen sa'a 24 zuciya ta soma bugawa, ba da jimawa ba a ga jini yana gudu cikin jijiya. A kwana na biyu ko na uku ya ƙyanƙyashe. Cikin wata uku ya isa haihuwa. Watau a shekara ɗaya mai bincike yana iya ganin kaka da uwa da jika. Wanda ya taɓa jiran saniya ta haihu, ya kuma jira maraƙar ta girma, zai gane darajar wannan sauri.

Ina ruwan kifi da mutum?

Wannan tambaya ce mai kyau. Kifi yana da ƙashin baya, da ƙwaƙwalwa, da zuciya, da hanta, da ƙoda, da hanji, da jini, kamar yadda muke da su. Kuma abin da ke tsara ginin waɗannan gaɓoɓi, watau ƙwayoyin gado da 'ya'ya ke ɗauka daga iyaye, suna kama da namu ƙwarai. A 2013 masana a Ingila suka gama karanta ƙwayoyin gadon wannan kifi. Suka tarar kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa. A cikin waɗanda aka san suna da hannu a cututtuka kuwa, abin ya haura kashi 80.

Saboda haka masana sukan ɓata ƙwayar gado ɗaya da gangan, su zuba ido su ga abin da zai lalace a jikin ɗan kifin. In zuciya ta fito a karkace, sun san aikin wannan ƙwaya ke nan. A 1996 wata malama a Jamus, Christiane Nüsslein-Volhard, da waɗansu masana a Boston ta Amurka, suka ba da labarin irin waɗannan kifaye masu naƙasa sama da 1,500. Waɗansu jininsu bai cika ba. Daga binciken ɗaya daga cikin masu ƙarancin jinin nan ne, a shekara ta 2000, aka gano ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi ya fita daga hanji ya shiga jini. Mu ma muna da ƙofar nan, ita ce ke kai mana amfanin abincin da ke ƙara jini.

Zuciya da tarin fuka

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne zuciyarsa. A 2002 masana a Boston suka yanke kashi ɗaya cikin biyar na ɗakin zuciyar da ke tura jini. Kifin bai mutu ba. Cikin wata biyu naman ya tsiro, zuciya ta koma daidai. In aka yanke wutsiyarsa ma takan sake fitowa. Mutum kuwa, in ciwon zuciya ya kashe wani ɓangare na naman zuciyarsa, tabo ne ke maye wurin, tabo kuwa ba ya tura jini. Ana nan ana binciken yadda kifin ke yin wannan. Amma kada wani ya ruɗe mu: ba a sami maganin da zai sa zuciyar mutum ta tsiro ba tukuna.

Sai tarin fuka, wanda babu ƙauyen da bai san shi ba. Kifi ba shi da huhu, amma akwai wata ƙwayar cuta mai kama kifi wadda 'yar'uwar ta tarin fuka ce. In ƙwayar tarin fuka ta shiga jikin mutum, ƙwayoyin jini masu tsaron jiki sukan taru su kewaye ta, su yi ƙulli. Shekara da shekaru likitoci suna ɗauka ƙullin nan kurkuku ne kawai, an tsare cuta a ciki. Wata malama haifaffiyar Indiya, Lalita Ramakrishnan, ta sa ƙwayar cutar a jikin ɗan kifi, ta kalli abin da idonta. A 2009 ita da abokin aikinta suka nuna cewa a farkon kamuwa cutar tana cin ribar ƙullin. Sababbin masu tsaro suna zuwa, tana shiga cikinsu tana hayayyafa, waɗansunsu kuma suna fita da ita zuwa wani wuri. Ashe kurkukun ya zama tashar mota. Da wuya a ga wannan a huhun mutum mai rai.

Kifi dai kifi ne. Ba shi da huhu, ba ya shayar da nono, jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar namu. Maganin da ya yi aiki a jikinsa sai an sake gwada shi a kan ɓera ko wata dabba, sa'an nan a kan mutane kaɗan da suka yarda, kafin ya isa asibiti. Da yawa sukan faɗi a hanya.

Gwajin guba a ruwa

Akwai wurin da aikin nan ya taɓa gonarmu kai tsaye. Ana amfani da ƙwan kifin don a auna gubar magungunan ƙwari da na ciyawa, da ruwan dattin masana'antu. A 2013 ƙungiyar ƙasashe da ake kira OECD ta amince da tsari ɗaya na wannan gwaji. Ana dama maganin da ruwa kashi biyar, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, a sa ƙwai ashirin a kowane kashi, a duba su har sa'a 96, watau kwana huɗu. Alamu huɗu ake nema: ko ƙwan ya daskare ya yi fari, ko gaɓoɓin baya ba su fito ba, ko wutsiya ba ta rabu da gwaiduwa ba, ko zuciya ba ta bugawa. Da haka ake sanin yawan maganin da ke kashe rabin ƙwan.

Waɗansu magunguna, ɗan kaɗan a ruwa mai yawa ya isa ya yi ɓarna. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje, a kan wannan kifi da waɗansu kifaye, ake samun gargaɗin da muke gani a jikin kwalba, wani lokaci da hoton kifi. In mun ga hoton nan, kada mu wanke injin feshi a rafi ko a bakin tafkin kiwo, kada mu yi feshi dab da ruwa sa'ad da hadari ya haɗu. Ruwan ɗaurayar injin a fesa shi a gonar da aka yi wa feshin. Masu zuba maganin ƙwari a rafi don su kwashi kifi kuwa, ba manyan kaɗai suke kashewa ba, har da ƙwai da 'ya'yan da za a kama baɗi, kuma ruwan nan ne mata ke ɗiba a ƙauyen da ke gangare.