Kashin Kaji A Gonar Barkono: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Takur

 Wani mai sauraronmu daga Takur a cikin Dutse ya rubuto mana cewa ya zuba wa dashen barkononsa kashin kaji, ba a yi mako ba ganye ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone. Yana tambaya, ko barkono ba ya son wannan taki ne?

To Malam, yana so, ɗanye ka ba shi. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, domin yana da naitirojin da yawa, wato sinadarin da ke cikin takin Yuriya. In sabo ne, warin nan mai hawa kai da zafin da yake fitarwa su ke ƙona saiwa. Ga shi ƙasar wajenmu rairayi ce, ba ta daɗewa da laima, sai ƙunar ta yi sauri.

Abin yi shi ne ka tara shi a inuwa, ka gauraya da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ka yayyafa ruwa, ka rufe. Duk mako biyu ka juya shi. Bayan wata biyu zuwa uku ka cusa hannu a tsakiyarsa. In ka ji sanyi, ya yi baƙi, wari ya tafi, to ya nuna. Kada ka haɗa shi da toka, korar naitirojin ɗin take yi. Na san wasu dattawa za su musa mini, amma haka abin yake.

Sai ka kaftace shi cikin ƙasa mako biyu kafin dashe. In kuwa barkonon ya riga ya kama, ka ba kowane gindi cikin tafin hannu ɗaya, nesa da kara, ka rufe da ƙasa, ka ba da ruwa. Haka attarugu da tattasai. Kada ka zari hannu: in ya yi yawa ganye zai yi lif-lif, fure ya yi ta zuba, ka tashi ba abin kaiwa kasuwar Shuwarin.

Masu saye da buhu kuma, a kwance baki a duba, don nauyi wani lokaci yashi ne da ruwa.

Wanda ya riga ya ƙone fa? Ka janye takin daga gindi yau ɗin nan, ka yi ban-ruwa sosai. Wanda saiwarsa ba ta mutu ba zai sake toho. Sauran gurbin ka cike da sabon dashe, ka kuma nemi malamin gona na hukumar JARDA ya leƙa maka gonar.