Sankarar ƙashi: Alamomin da ake ɗauka targaɗe ne

Idan yaro ya dawo daga filin ƙwallo a Kawo ko Unguwar Rimi yana ɗingishi, abin da iyaye kan fara kawowa a rai shi ne targaɗe. Sau da yawa hakan ne. Sai dai akwai cutar da ke farawa da irin wannan kama, wadda man zafi da ɗori ba sa warkarwa, wato sankarar ƙashi.

Nau'in da ya fi kama matasa, wanda likitoci ke kira ostiyosakoma, ya fi bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 20, lokacin da ƙashi ke saurin tsawo. Galibi yakan fito kusa da gwiwa, ko a saman dantse daf da kafaɗa. Ga waɗanda suka haura shekara 40 kuwa, yawanci daga wani sashe cutar ke yaɗuwa zuwa ƙashi, kamar mama, huhu ko ƙoda.

Alama ta farko ita ce ciwo a wuri ɗaya wanda ke zuwa yana tafiya, daga baya ya zauna daram. Ciwon targaɗe yakan lafa da hutu. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi, musamman da daddare, har ya hana barci. Bayan makonni sai kumburi ko ƙullutu ya bayyana, gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa. Wani lokaci ƙashin kan karye saboda ɗan tuntuɓe da bai isa karya ƙashi ba. Rama, kasala da zazzaɓi na iya biyo baya.

Cutar ba ta da yawa, kuma sikila ko ƙwayoyin cuta a ƙashi na iya kawo irin waɗannan alamomi. Abin da ke rarrabewa shi ne hoton ƙashi, sannan a ɗebi ɗan tsokar wurin a gwada.

Haɗarin yana cikin jinkiri, domin watannin da ake ɓatawa ana tausa da ɗauri sukan ba cutar damar kaiwa huhu. Idan aka gano ta da wuri, ana haɗa magani da tiyata, sau da dama ba tare da an yanke ƙafa ba.

Duk ciwon ƙashin da ya yi makonni bai sauka ba, a je asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Idan da buƙata, akan tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.