Kasuwar Tsofaffin Motoci: Abin Da Ke Sa Wata Ta Yi Daraja, Wata Ta Ƙare A Hannun 'Yan Gwangwan

A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2022 an gudanar da wani gwanjo na musamman a gidan adana kayan tarihi na kamfanin Mercedes-Benz da ke birnin Stuttgart a ƙasar Jamus, inda aka sayar da mota guda ɗaya tak a kan kuɗi Yuro miliyan 135. Motar, mai suna 300 SLR Uhlenhaut Coupé, an ƙera ta ne a 1955, kuma guda biyu kaɗai kamfanin ya taɓa yin irinta. Kafin wannan rana ba a taɓa sayar da wata mota a gwanjo a kan kuɗi mai yawa haka ba.

Irin wannan labari shi ne kan sa wasu mutane su ɗauka cewa duk wata tsohuwar mota da ke jibge a bayan gida dukiya ce mai jiran mai saye. Wasu kuma akasin haka suke yi, watau su kira 'yan gwangwan su auna motar da suka gada a sikeli, a biya su kuɗin ƙarfe. Dukkan ɓangarorin biyu suna iya tafka asara, domin kuwa wannan kasuwa tana da ƙa'idojinta, waɗanda ya kamata a sani tun kafin a kai mota gareji ko a rabu da ita.

Wace mota ake kira ta tarihi?

Ƙungiyar duniya mai kula da tsofaffin ababen hawa, wadda aka fi sani da FIVA, an kafa ta ne a 1966. Bisa ma'aunin wannan ƙungiya, motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30 ko fiye da ƙerawa, aka kuma adana ta a kan siffarta ta asali, sa'an nan ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Gwamnatoci da dama sun shigar da irin wannan ma'auni cikin dokokinsu. A Jamus, tun 1997 akan ba motar da ta cika shekara 30, kuma tana nan yadda take, lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, tare da tsayayyen haraji na shekara-shekara. A Ingila kuwa, motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya. Ita kuma Amurka tana barin a shigar da motar da ta kai shekara 25 ko da ba ta cika sharuɗɗan kiyaye haɗari na motocin zamani ba.

To amma shekaru ƙofar shiga ce kawai. Abubuwa uku ne ke yanke wa mota farashi a wannan kasuwa.

Na farko shi ne ƙarancinta. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, shi ya sa ɗaya daga cikinsu ta kai Dala miliyan 48.4 a gwanjon da aka yi a Monterey ta jihar Kalifoniya a 2018. Ita kuwa Volkswagen Beetle, mai siffar kunkuru, an ƙera fiye da miliyan 21 kafin a daina yin ta a ƙasar Meziko a 2003. Saboda haka, duk da farin jininta, mai matsakaicin ƙarfi ma yana iya mallakar ta.

Na biyu shi ne tarihinta, watau wa ya mallake ta, a ina aka hau ta, wace gasar tsere ta shiga, kuma ko akwai takardun da ke tabbatar da haka. Rasidin saye na farko, da littafin sabis, da tsofaffin hotuna, da takardun rajista, duk suna ƙara wa mota kuɗi. Labarin baka, komai daɗinsa, ba ya karɓuwa wurin masu saye.

Na uku shi ne kasancewarta a kan asalinta. Abu na farko da masani kan duba shi ne ko lambar da ke jikin inji da ta giya sun dace da lambar shasi kamar yadda suke a kundin kamfanin da ya ƙera motar. Idan an taɓa sauya inji, farashi ya kan faɗi ƙwarai, ko da sabon injin ya fi tsohon lafiya. Ganin muhimmancin wannan ne ya sa manyan kamfanoni suka buɗe sassa na musamman: Mercedes-Benz ta kafa cibiyar kula da tsofaffin motocinta a garin Fellbach a 1993, Ferrari kuma ta buɗe sashen Classiche a 2006, wanda ke bincikar mota ya ba ta takardar shaida.

Yadda ake aikin farfaɗowa

Cikakken aikin farfaɗo da tsohuwar mota ya sha bamban da gyaran da aka saba gani a gareji. Da farko akan ɗauki hoton kowane sashe, a rubuta lambobinsa, kana a wargaza motar baki ɗaya, a raba bodi da shasi, a ajiye kowane noti da kusa cikin leda mai suna. Daga nan sai a kankare tsohon fenti har a kai ga tsurar ƙarfe, domin a nan ne ɓoyayyiyar ɓarna ke bayyana: tsatsa, da tsohon haɗari da aka lulluɓe da fila, da walda marar kyau. Inda tsatsa ta ci, yanke wurin ake yi a ƙera sabon ƙarfe daidai da siffar na da, a liƙa.

Bayan haka sai a koma kan inji, da giya, da birki, da lagireto, da wayoyin lantarki waɗanda robarsu ta bushe. Akwai ma matsalar man fetur. Yawancin tsofaffin injuna an yi su ne don fetur mai gaurayen dalma, wanda aka daina sayar wa motoci a duk duniya a 2021, saboda haka sau da yawa sai an sa wa mazaunin bawul ƙarfe mai tauri kafin injin ya jure man zamani. A ƙarshe ake yin fenti da ainihin launin da motar ta fito da shi daga masana'anta, a ɗinka kujeru da irin fata ko yadin wancan zamani.

Aiki irin wannan ya kan ci awa dubu ko fiye, ya kuma haɗa makaniki, da mai walda, da fenta, da mai gyaran waya, da maɗinkin kujeru. A nan ne lissafi ke rikice wa mutane da yawa, domin wahalar kankare bodin mota mai arha da ta mota mai tsada kusan ɗaya ce. Don haka, ga yawancin motocin da aka ƙera da yawa, kuɗin farfaɗowa ya kan zarce abin da za a samu idan an sayar. Wannan ne dalilin da ya sa masu gogewa a harkar suka fi son sayen motar da wani ya riga ya gama kashe wa kuɗi.

Har ila yau akwai haɗarin wuce gona da iri, inda garin gyaran gira akan rasa ido. A 2013 yarjejeniyar Turin ta ƙungiyar FIVA ta fara aiki, kuma jigonta shi ne a adana duk abin da za a iya adanawa na asali, a kuma rubuta duk wani canji da aka yi. Kasuwa ma ta bi wannan ra'ayi. A watan Fabrairu na 2015 an yi gwanjon motoci kimanin 60 na marigayi Roger Baillon, waɗanda aka tarar cikin rumfuna a yammacin Faransa bayan sun shafe shekaru da dama a yashe. Ɗaya daga cikinsu, Ferrari 250 GT California Spider ta 1961, an saye ta a kan Yuro miliyan 16.3 ba tare da an farfaɗo da ita ba.

Wuraren nuni da tasirinsu ga farashi

Taron nunin motoci shi ne inda ake tabbatar da darajar aikin da aka yi. Daga cikin mafiya shahara akwai na Villa d'Este a bakin tafkin Como na ƙasar Italiya, wanda aka fara a 1929, da na Pebble Beach a Kalifoniya, wanda aka fara a 1950 kuma ake yi cikin watan Agusta, sai bajekolin Rétromobile na birnin Paris da ya samo asali a 1976. A Ingila kuma akwai jerin gwanon da ake yi daga Landan zuwa Brighton a ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, wanda motocin da aka ƙera kafin 1905 kaɗai ke shiga.

A irin waɗannan gasa alƙalai kan duba mota ciki da waje, su sa a tayar da inji, a kunna fitilu, a danna ham, su kuma rage maki a kan duk abin da ya saɓa wa asali, ko da kan noti ne. Kyautar da ake bayarwa ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da kuɗin da aka kashe. Ribar tana cikin sunan da motar ta yi, wanda zai bi ta duk ranar da aka kai ta kasuwa. Shi ya sa manyan kamfanonin gwanjo irin su RM Sotheby's da Bonhams suke shirya cinikinsu a makon da ake taron Pebble Beach, lokacin da masu kuɗin suke wuri guda. Abin lura kuma shi ne, a 2024 babban kambun Pebble Beach ya tafi ne ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 daga rukunin motocin da aka adana ba tare da sabuntawa ba, karo na farko ke nan a tarihin gasar.

Riba da haɗari

Masu neman inda za su zuba jari ya kamata su tuna da abin da ya faru a ƙarshen shekarun 1980. A 1987 an sayar da wata Bugatti Royale a Landan a kan Fam miliyan 5.5, kuma bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agusta na 1988 farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabi, har mutane suka riƙa cin bashin banki suna saye. Da aka shiga shekarun 1990 kasuwar ta rushe, da yawa suka sayar a kan abin da bai kai rabin kuɗinsu ba.

Bugu da ƙari, mota ba ta haihuwa kamar hannun jari ko gidan haya. Kullum ci take yi: inshora, da wurin ajiya marar laima, da sabis, da dakon kai ta wuraren nuni. Ranar ciniki kuma kamfanin gwanjo zai karɓi la'adarsa, wadda a ɓangaren mai saye kaɗai takan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. Ga kuma 'yan damfara masu buga lambobin jabu a jikin inji da shasi.

Inda Nijeriya ta shigo

Nijeriya tana da nata rabon a wannan tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fito ne a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya a 1975 da 1978. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Ke nan duk wadda aka harhaɗa kafin tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta cika shekara 30.

Sai dai a faɗi gaskiya, an ƙera 504 fiye da miliyan 3, don haka mai ƙofa huɗu da aka saba gani ba za ta mai da kowa attajiri ba. Waɗanda masu tarawa suka fi nema su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Amma a kullum ana ƙara yanka na gama-garin ana narkarwa, kuma mafi yawan waɗanda suka rage sun sha aikin haya da sauyin inji. Wadda ta tsira da injinta da takardunta tana ƙara zama abin nema. Haka nan motocin da suka shigo ƙasar kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da aka koma tuƙi a hannun dama, galibinsu sitiyarinsu a dama yake, kuma wannan ma wani ɓangare ne na asalinsu.

Yanayi ma yana da tasiri. Iskar bakin teku mai gishiri irin ta Legas da Fatakwal tana cin ƙarfe, alhali busasshen yanayin arewa yana kare bodi daga tsatsa, ko da yake rana na fasa roba da kujeru. Ta fuskar ma'aikata kuwa, akwai ƙwararrun masu bugun ƙarfe a Panteka ta Kaduna, da 'yan kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas. Abin da aikin ke ƙara nema daga gare su shi ne haƙurin bin asali, maimakon ɗora duk abin da ya shiga.

Misali mafi kusa na darajar tarihi yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Da an toshe ramukan nan an yi mata sabon fenti, da ta koma tsohuwar Marsandi kamar kowace.

Saboda haka, duk mai tsohuwar mota a gida, kafin ya kira fenta ko ɗan gwangwan, ya kamata ya fara tattara takardunta, ya rubuta lambar inji da ta shasi, ya ɗauki hotunanta, ya shigar da ita inuwa, ya kuma ajiye duk wani sashe da aka taɓa cirewa daga jikinta. Daga nan sai ya binciki nawa ake sayar da irinta, ya kwatanta da abin da gyara zai ci. Fenti ana iya yin sa a kowane lokaci, amma injin asali da aka sayar a kan kilo ba ya dawowa.