Saukar Ƙaramin Jirgin Sama

Wanda ke zaune a Babbar Kasuwar Kaduna ya saba jin rugugin jirgin sama. Wani lokaci babba ne, wani lokaci kuwa ɗan ƙarami mai farfela ɗaya, wanda ba ya ɗaukar mutane da yawa. Mutane suna tsammani haɗarin jirgi yana can cikin gajimare. Ba haka ba ne. Wurin sauka ne aiki ya fi wuya.

Ku dubi shirwa sa'ad da za ta sauka. Takan fuskanci iska, ta buɗe fikafikai, ta rage gudu a hankali. Haka matuƙi yake yi. Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da ke bin fikafikansa saboda gudu. Ƙaramin jirgi yakan kusanci fili da gudun wajen mil 70 cikin sa'a guda. In matuƙi ya rage gudu fiye da kima, iska ta sake shi, sai jirgi ya tsunduma ƙasa. In kuwa gudu ya yi yawa, sai fili ya ƙare jirgi bai tsaya ba. Direban mota in ya rikice yana iya rakuɓewa gefen hanya ya yi tunani. Matuƙi ba shi da gefen hanya.

Amma yana da dabara guda. In ya ga saukar ba ta daidaita ba, sai ya ƙara wuta, ya tashi, ya kewayo, ya sake gwadawa. Wannan ba abin kunya ba ne. Sau da yawa gaggawa ko girman kai su ke hana mutum yin haka.

Akwai kuma maganar gani. Izinin tuƙi iri biyu ne. Wani an yarda masa ya tuƙa da ido, watau sai yana ganin ƙasa. Wani kuma ya ƙara ilmi, ya iya tuƙi da agogunan da ke gabansa ko cikin duhu ko hazo. Mai izini na fari in dare ya same shi a sama, jikinsa yakan yi masa ƙarya. Sai ya ji kamar jirgi a miƙe yake, alhali ya karkace.

Ga misali. Ran 25 ga Oktoba 2012 Gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, ya taso daga Jalingo zuwa Yola cikin ƙaramin jirgi, shi ke tuƙi da kansa. Ya koyi tuƙi a makarantar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Magariba ta yi, jirgi ya faɗi kafin ya kai filin Yola. Masu bincike na Gwamnati suka ce ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgi, kuma bai kamata mai tuƙi da ido ya yi tafiya bayan faɗuwar rana ba. Ba wanda ya rasu a wurin, amma gwamna ya ji ciwo ƙwarai a ka. Aka kai shi Jamus, aka kai shi Amurka, bai sāke samun cikakkiyar lafiya ba har Allah ya yi masa rasuwa a 2017.