Samarin Da Suka Tare Wa Hitila Hanyar Ingila

Ran 16 ga watan Agusta, 1940, wani hafsan mayaƙan sama na Ingila mai suna James Nicolson, ɗan shekara 23, yana sintiri da jirginsa samfurin Hurricane kusa da garin Southampton, sai wani jirgin Jamus ya faɗo masa ta baya. Harsasai huɗu suka sami jirgin. Ya ji rauni a ido da ƙafa, tankin man da ke gabansa kuma ya kama da wuta. Har ya yunƙura zai dira da laima, sai ya hangi jirgin abokan gaba a gabansa. Ya koma mazauninsa cikin wutar nan, ya yi ta sakar masa harsashi hannuwansa suna ƙuna, sa'an nan ya fice. Yana saukowa kuma, 'yan sa kai masu tsaron ƙasa suka zaci Bajamushe ne, suka harbe shi da bindigar farauta. Da yake da sauran shan ruwa a gaba, ya rayu, har aka ba shi lambar Victoria Cross, wadda babu lambar jaruntaka da ta fi ta a Ingila.

Abin da ya kai samari irin Nicolson ga wannan hali kuwa shi ne, Faransa ta miƙa wuya a watan Yuni na 1940, saura Ingila. Hitila ya yi shirin ƙetare teku da rundunarsa, amma ya san jiragen ruwansa ba za su kai gaci ba muddin mayaƙan saman Ingila suna shawagi a kansu. Don haka ya ɗora wa Goering, shugaban mayaƙan saman Jamus, aikin share su tukuna. Daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba aka yi ta gwabzawa.

Faɗan Sama

Faɗan sama ba ya ɗaukar lokaci. Jiragen suna gudun fiye da mil 300 a awa, abokin gaba kuwa yakan ɓuya cikin hasken rana ya faɗo daga bisa, har da yawa daga waɗanda aka harbo ba su ma ga wanda ya harbe su ba. Hurricane da Spitfire kowanne yana ɗauke da bindigogi masu jigida guda 8 a fukafukansa, amma in matuƙi ya danna kunama bai ɗaga ba, cikin sakan 15 harsashinsa ya ƙare. Sai ya sauka, a ɗura mai, a sake cika bindigogi, ya zauna jiran bugun tarho. A yini guda yakan tashi sau uku ko huɗu.

Jamusawa sun fi yawan jirage, matuƙansu kuma sun riga sun goge a yaƙin basasar Sifen da Folan da Faransa. Sai dai Ingila tana da abin da ba su da shi. Shugaban jiragen faɗa na Ingila, Hugh Dowding, ya riga ya tsara yadda za a ci moriyar na'urorin nan masu hango jirgi daga nesa, watau rada, da aka jera a bakin teku. Da an hangi ayarin Jamusawa sai labari ya isa hedkwata ta waya, daga can kuma a gaya wa matuƙa inda za su tare su ta wayar iska. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu. Har ila yau jirgin faɗa na Jamus, Messerschmitt 109, ba ya ɗaukar mai da yawa. In ya iso Landan, abin da ya rage masa na faɗa bai wuce kamar minti 10 ba, dole ya juya gida ya bar masu jefa bom ba mai rakiya.

Jirgi Ana Ƙerawa

Jirgi bai yi wa Ingila wuya ba. Ma'aikatunta suna fitar da jiragen faɗa fiye da 400 a kowane wata, sun fi na Jamus. Har ma a watan Satumba, ana tsakiyar fafatawa, aka fara harhaɗa waɗansu jiragen Hurricane a Takoradi, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu, suna bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum zuwa Masar.

Mai tuƙawa shi ne ya yi ƙaranci. Jirgi ana ƙera shi cikin kwanaki, amma gwanin matuƙi sai an shekara ana horonsa. Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba, sa'ad da Jamusawa suka matsa wa filayen jiragen sama na kudancin Ingila, an rasa matuƙa 103, waɗansu 128 kuma suka ji munanan raunuka, watau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake da su. Tilas aka rage horon ƙarshe zuwa mako biyu, ana turo yara sababbin hannu, waɗansunsu ba sa kwana bakwai a bakin daga.

Abu biyu suka rage wannan giɓi. Na farko, faɗan a gida ake yi. Matuƙin Ingila in ya dira da laima lafiya, gobe yana cikin wani jirgi. Bajamushe kuwa in ya dira, ya zama fursuna sai bayan yaƙi. Na biyu, baƙi sun kawo gudummawa. Mutanen Folan kaɗai sun kai 145, ga na Kanada da Niyu Zilan da Cakoslobakiya. Rukuni na 303, na mutanen Folan, sai ƙarshen Agusta aka yarda ya shiga faɗa, saboda ana shakkar Turancinsu, amma ya shiga sahun gaba wajen kakkaɓo jiragen Jamus.

Juyawar Reshe

Ran 7 ga Satumba Jamusawa suka saki filayen jirage suka koma jefa bom a Landan. Mutanen birnin sun sha azaba, amma mayaƙan sama sun sami sararin numfashi da gyaran filayensu. Ran 15 ga wata Jamusawa suka zo da gayya, suna zaton ƙarfin Ingila ya ƙare, sai suka tarar da ɗaruruwan jirage suna jiransu. A ranar an ba da sanarwar harbo jiragen Jamus 185. Takardun Jamusawa da aka samu bayan yaƙi sun nuna kimanin 60 ne. Duk da haka ya isa. Ran 17 ga Satumba Hitila ya ɗage shirin mamaye Ingila, bai kuwa sake komawa kansa ba.

Mayaƙan sama kusan 3,000 suka yi wa Ingila wannan faɗa, 544 daga cikinsu suka rasa rayukansu kafin Oktoba ta ƙare. Waɗanda wuta ta ɓata wa fuska da hannuwa, da yawa sun yi shekaru suna jinya a hannun likita Archibald McIndoe a garin East Grinstead. Shi kuwa Nicolson, da ya warke sai ya koma bakin aiki. Aka tura shi Indiya, inda ya yi yaƙi da Japanawa a Bama. Ran 2 ga Mayu, 1945, saura kwana shida a gama yaƙi a Turai, jirgin da yake ciki ya kama da wuta ya faɗa cikin Tekun Bengal. Har yau ba a ga gawarsa ba.